Asarar Jiya, Karatun Yau: Yadda Muke Koya Wa Yaranmu Karanta Littafin Lissafi

A wannan fitowa muna so mu yi magana kan wani abu da kowannenmu ke yawo da shi a aljihu, wato littafin lissafi. Da yawanmu muna rubutawa, wani da ajami wani da boko, mun sayi kaza mun sayar kaza, sai mu rufe mu ajiye. Tun muna makarantar Islamiyya aka karantar da mu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take yi kan rubuta bashi. To, rubutun dai mun riƙe, amma komawa a karanta abin da aka rubuta, nan ne muka yi sakaci.

Abin da muka lura da shi shi ne, in ka zaunar da yaro kana karanta masa lambobi, gyangyaɗi zai kama yi. Amma in ka ce masa bari in ba ka labarin shekarar da muka faɗi, sai ka ga ya gyara zama. Saboda haka a gidanmu duk asarar da muka taɓa yi mun mai da ita labari. Bayan sallar isha'i mukan tara yara, mu ɗauko tsohon littafi, mu ba da labarin har tsakiya, sa'an nan mu tsaya mu ce musu, "To, ku gaya mana, ina kuɗin suka shiga?" Ga guda uku daga ciki. Mun daidaita alƙaluman don lissafin ya zo da sauƙi.

Na farko shi ne na yaron da muka kusa kora. Akwai wani yaronmu da ke rakiyar shanu daga Maraɗi, ta Ɗan Isa da Jibiya, har Ikko. A cikin tafiya 10 da ya yi a shekara guda, sau 4 yana dawowa da kashe kuɗin da ya zarce na kullum da wajen jika 200. Mutane suka fara kawo mana magana, mu ma zuciya ta fara raya mana abin da bai dace ba. Allah Ya taimake mu, kafin mu yanke hukunci muka jera tafiye-tafiyen goma a takarda ɗaya, kowane kashe kuɗi da layinsa: kuɗin mota, na duwan, na shingayen hanya, na dusa da harawa da ruwa, da la'adar dillali. Sai muka ga duk layukan sun yi kusan daidai, ban da na abincin dabbobi. Da muka duba kwanan wata, ashe a tafiye-tafiyen nan huɗu shanun sun yi kwana 7 zuwa 8 a kara ba a saya ba, alhali a sauran kwana 2 ko 3 suke yi. Kuma duk huɗun sun faɗo ne da kaka, lokacin da kowa ya yi lodi kasuwa ta cika. Wato laifin namu ne da muka tura kaya ba mu tambayi halin kasuwa ba. Muka kira yaron muka nemi gafararsa. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya, balle wannan da bai zama ba.

Na biyu shi ne na ribar da ta ɓoye asara. Mun taɓa haɗa shanu 40, rabi daga wata kasuwa ta kusa, rabi daga wata ta can arewa. Da aka sayar aka cire komai, riba ta tashi jika 400, wato jika 10 a kan kowane sa. Muka yi hamdala, muna shirin komawa mu sake yin haka. A nan muke tsayawa mu tambayi yara ko wannan ciniki ya yi kyau, su kuwa duk sai su ce ya yi. Sai mu buɗe musu shafi na gaba. Shanu 20 na kasuwar kusa, kowane ya ba da ribar jika 35, jimla 700. Na arewa kuwa kowane ya faɗi da jika 15, jimla 300. Ka cire 300 daga 700, ga jika 400 ɗinka. Shanun arewan an ba su kanwa sun sha ruwa sun cika ciki ranar kasuwa, kafin su isa kudu sun zube. Da mun tsaya kan jimla kawai, da mun ci gaba da zuba kuɗi inda suke ƙonewa. Darasin shi ne a raba lissafi kasuwa-kasuwa, dillali-dillali.

Na uku shi ne na canji, kuma shi ya fi ciwo. Muna samari muna bin iyayen gidanmu aka karya darajar sefa ranar 12 ga Janairu 1994, faran ɗin Faransa ɗaya da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Mun ga yadda manya suka kwana da lissafi ɗaya suka tashi da wani, amma duk da haka abin ya sake cin mu. A watan Yuni 2023 muka sayi bijimai 30 a kan jika 300 kowane, sefa miliyan 9 ke nan, da kashe kuɗin hanya ya zama miliyan 10 da dubu 200. Aka ba mahauta bashi a kan naira miliyan 14. Ranar nan muna samun jika ɗaya a kan naira 1,250, wato kuɗinmu sefa miliyan 11 da dubu 200, sai muka rubuta ribar miliyan ɗaya. A cikin watan ne gwamnatin Najeriya ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, sa'an nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Kafin kuɗin su shigo hannunmu ƴan canji suna ba da jika a kan naira 1,750. Mahautan sun biya cif, ba su ci mana ko kobo ba, amma abin da ya iso gida sefa miliyan 8 ne. Asarar miliyan 2 da dubu 200 ke nan a cinikin da littafi ya ce an ci riba. Tun daga ranar ba mu rubuta riba sai kuɗi sun dawo irin kuɗin da muka sayi shanu da su.

Ƴan uwa, wannan ba ya bukatar kwamfuta ko zurfin boko. Kowace tafiya a ba ta shafinta. A rubuta kwanan wata, da kasuwar da aka saya, da kwanakin da aka yi a kara, da farashin canji ranar sayarwa da ranar karɓar kuɗi. Bashi a ware masa wurinsa daban. In wata ya ƙare a jera shafukan a gwada su da juna.

Mun san falke ba ya son a ji faɗuwarsa, amma wanda ya ɓoye wa yaransa ramin da ya faɗa, su ma cikinsa za su faɗa. Muna roƙon duk mai irin wannan labari ya kawo shi ofishin ƙungiya, a cire sunaye a buga don kowa ya amfana. Allah Ya sa albarka a cikin fataucinmu, Ya tsare mana hanya, Ya raba mu da cin haƙƙin wani, amin.