Sunayen Izgili A Siyasa: Daga Amurka Zuwa Jazira, Da Hukuncinsu A Shari'a

 

Ɗalibai suna yawan tambaya a kan sunayen da 'yan siyasa da masu sharhi suke laƙaba wa abokan hamayyarsu. Wasu suna ganin abin raha ne kawai, wasu kuma suna ganin ai tunda a kan azzalumi aka faɗa, babu laifi. Tambayar ta fi shafar mu mutanen Wad Haddad da sauran ƙauyukan Hausawa na Jazira da Nilu Shuɗi fiye da yadda muke zato, don haka za mu ɗan tsawaita.

Mu fara da Amurka, tunda can ne abin ya fi yin suna a wannan zamani. A yaƙin neman zaɓen 2016, Donald Trump ya laƙaba wa da yawa daga cikin abokan takararsa sunaye. Ted Cruz ya zama Maƙaryaci, Marco Rubio ya zama Ɗan Ƙarami, Hillary Clinton ta zama Macuciya. Da aka zo zaɓen 2020, Joe Biden ya zama Mai Gyangyaɗi. Sanata Elizabeth Warren kuwa, saboda ta taɓa cewa tana da jinin Indiyawan daji, sai ya riƙa kiranta Pocahontas, sunan wata 'yar wannan al'umma da ta yi suna a tarihin ƙasar. Abin dariya, shi Rubio ɗin da aka raina wa tsayi, shi ne Trump ya naɗa sakataren harkokin waje a 2025. Su a wurinsu sunan makamin kakar zaɓe ne, idan ta wuce a ajiye.

Ba Trump ya fara ba. A zaɓen 1828 abokan hamayya sun kira Andrew Jackson jaki, daga baya jakin ya zama alamar jam'iyyar Dimokrat. Giwar jam'iyyar Rifablikan kuma ta shahara ne daga wani zanen barkwanci na Thomas Nast a 1874. Dabarar ɗaya ce tun da can: a samo kalma gajera mai daɗin faɗa, a yi ta maimaita ta har sai ta danne sunan yanka. Daga nan an huta da kawo hujja. Duk abin da mutumin ya faɗa, jama'a ta riga ta ji shi a bakin maƙaryaci ko mai gyangyaɗi.

Hausawa ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Da jam'iyyar PRP ta rabe a Kano a 1980, ɓangaren Gwamna Abubakar Rimi aka kira su 'yan Santsi, na Malam Aminu Kano kuma 'yan Taɓo. Janar Babangida ya samu Maradona saboda iya zilliya, Buhari kuma aka ce masa Baba mai tafiyar hawainiya a farkon mulkinsa na farar hula.

Amma na nan Sudan su ne abin dubawarmu. Babbansu shi ne "kizan", jam'in "koz", wato moɗar nan ta ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin randar sabil. Ana danganta wa jagororin harkar Musulunci wata magana mai nuna cewa addini teku ne, su kuma moɗayen ɗibar sa ne. Sai abokan hamayya suka ɗauki kalmar suka juya ta, ta zama sunan duk wanda ya ci moriyar gwamnatin da ta zo da juyin mulkin 30 ga Yunin 1989. A zanga-zangar da ta fara a Disambar 2018 har ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019, babu kalmar da ta kai ta yawo a bakin matasa. Su kuma waɗanda aka kira kizan ba su zauna ba. Gamayyar farar hula mai suna Ƙuwal Hurriyya wat Tagyir, idan aka taƙaita sunanta da haruffan Larabci yana ba da "ƙaht". Sai suka canza harafin ƙarshe, suka mayar da ta'un ɗa'un, kalmar ta koma ma'anar fari da yunwa, magoya bayanta kuma suka zama "gahata". Ga "fulul", wato ragowar rundunar da aka fatattaka, wadda aka aro daga Masar bayan 2011. Ga "jidad elektroni", kajin intanet, ga waɗanda ake zargin ana biyan su suna kare gwamnati a Facebook. Bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023 sai aka samu "balabsa", masu cewa a ci gaba da dukan abokan gaba kawai, babu batun sulhu.

Wanda ya san Larabcin Sudan dole ya yarda akwai fasaha a wasu daga cikin waɗannan sunaye. Matsalar ita ce laƙabi ba ya tsayawa inda aka ɗora shi. "Koz" ya fara ne a kan jami'in tsaro da ɗan jam'iyya, amma kafin a ankara ya hau kan duk mai gemu, da limamin unguwa, da yarinya mai niƙabi, mutanen da ba su taɓa riƙe katin wata jam'iyya ba. "Gahati" ya fara a kan 'yan siyasa sanannu, yau duk wanda ya ce ya gaji da yaƙi sai a jefe shi da shi, wani lokacin ma a haɗa masa da kafirci. Wannan na ƙarshe kuwa hatsarinsa ya fi na siyasa, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya kafirta ɗan uwansa, kalmar tana komawa kan ɗayansu.

To me shari'a ta ce? Asalin mas'alar yana aya ta 11 a Suratul Hujurat. A cikinta Allah Ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, Ya hana aibata juna, Ya hana jifan juna da laƙubba, Ya kira wannan aiki fasiƙanci bayan imani, sannan Ya sanya wanda bai tuba ba cikin azzalumai. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Jabira bn Dahhak (RA) cewa a kansu Banu Salima ayar ta sauka. Lokacin da Annabi (SAW) ya iso Madina, sai ka samu mutum ɗaya da suna biyu ko uku, idan aka kira shi da wani daga ciki sai a ce ai wane ba ya son wannan. Ku lura, waɗannan sunaye ne na tsakanin dangi, ba a kashe kowa a kansu ba, amma ɓacin ran mai sunan kaɗai ya isa a hana.

Wannan ba ya nufin kowane laƙabi haramun ne. Annabi (SAW) da kansa ya kira Aliyu (RA) Abu Turab, kuma babu sunan da Aliyu ya fi so kamarsa. Ya kira Khalid bn Walid (RA) takobin Allah. Littattafan hadisi cike suke da Al-A'amash, mai raunin gani, wato Sulaiman bn Mihran, da Al-A'araj, gurgu, wato Abdurrahman bn Hurmuz. Hafiz Ibn Hajar ma littafi guda ya wallafa a kan laƙubban maruwaita, Nuzhatul Albab fil Alƙab. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wurare 6 da ambaton mutum a bayan idonsa yake halatta, ɗaya daga cikinsu shi ne a ambace shi da laƙabin da aka san shi da shi don a gane wanda ake nufi, da sharaɗin ba don tozartawa ba, kuma idan akwai wata hanyar gane shi, ita ta fi. Kan wannan ne za a ɗora irin su Hemedti, wanda kusan kowa ya san shi da shi fiye da Muhammad Hamdan Dagalo, kuma shi kansa yana amsa shi.

Dubi yadda magabata suke taka-tsantsan ko a nan. Malamin hadisi Isma'il bn Ibrahim ya shahara da Ibn Ulayya, ana jingina shi ga mahaifiyarsa, shi kuma ba ya so. Malaman musɗalahi sun kawo cewa Imam Ahmad ya ji Yahya bn Ma'in ya kira shi haka, sai ya nemi ya riƙa faɗin sunansa da na mahaifinsa, Yahya kuwa ya karɓi gyaran nan take. Ɗalibin da ya karanta wannan a aji, sannan ya fito ya tura wa rukunin WhatsApp hoton wani da kan jaki, to akwai sauran karatu a gabansa.

Wani zai ce, to Abu Jahal fa? Ai sunansa Amru bn Hisham, Ƙuraishawa suna masa alkunya da Abul Hakam, Musulmi suka juya ta. Ga kuma Musailamatul Kazzab. Amsa ita ce waɗannan mutane ne ayyanannu, laifinsu a fili yake, kuma wahayi ya tabbatar da shi. Sunan bai tsallaka kan danginsu ba: Ikrima ɗan Abu Jahal ya musulunta ya zama sahabi mai daraja. Malamai sun halatta a ambaci mai bayyana ɓarnarsa da abin da ya bayyana, ban da abin da bai bayyana ba. Saboda haka idan shugaba ya yi zalunci, a faɗi zaluncin: ya kashe a wuri kaza, ya ƙwace gonar jama'a, ya ci dukiyar baitulmali. Wannan shi ne faɗin gaskiya, kuma ya fi laƙabi ciwo a wurin azzalumi, domin ana iya bin diddiginsa. Amma gajartarsa, ko baƙinsa, ko tsufansa, ko ƙabilarsa, babu ɗaya da yake laifi. Nana A'isha (RA) ta taɓa nuni da gajartar Nana Safiyya (RA), sai Annabi (SAW) ya nuna mata cewa kalmar da ta faɗa, da za a cakuɗa ta da ruwan teku da ta gurɓata shi.

Mafi muni shi ne laƙabin asali, kuma wannan mun san ɗacinsa. Kakanninmu sun shigo ƙasar nan a hanyar hajji tun ƙarnoni, wasu kuma sun biyo Muhammad Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a kudancin Sinnar. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannun Hausawa da Fulani da Barebari yana cikin waɗanda suka noma audugar suka tsince ta. Duk da haka kalmar "Fallata" da "Takarir", waɗanda asalinsu sunayen al'umma ne babu aibu, a bakin wasu sun koma nufin baƙo marar haƙƙi. A rikicin Nilu Shuɗi na 2022 an rasa sama da mutum 100 a watan Yuli a yankin Rusairis da kewaye, sannan sama da 200 a Oktoba a Wad al-Mahi. Rigimar ta taso ne a kan ƙasa da sarauta, amma kafin a ɗauki makami an daɗe ana yawo da kalmomin 'yan ƙasa da baƙi a kafofin sada zumunta. A Ruwanda ma gidan rediyo ya daɗe yana kiran Tutsi kyankyasai kafin kisan 1994. Kuma kada mu wanke kanmu: akwai sunayen da mu ma muke kiran maƙwabtanmu da su idan mun koma cikin gida, waɗanda ba za mu iya faɗa a gabansu ba. Sanda Abu Zarr (RA) ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Annabi (SAW) ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi, alhali Abu Zarr ne.

Idan mu aka jefa fa? Ƙuraishawa sun juya sunan Annabi (SAW) suna kiransa Muzammam, abin zargi. Bukhari ya ruwaito cewa ya nuna wa sahabbai yadda Allah Ya kawar da zaginsu daga gare shi, tunda wani suke zagi da ba shi ba. Bai ƙirƙiro wa kowace ƙabila ta Ƙuraishu nata sunan ba. Wanda aka tauye wa haƙƙi yana da damar ya kai ƙara, ya nemi takardar ɗan ƙasarsa, ya kare gonarsa a gaban hukuma, amma bai da damar ya zagi ƙabila guda saboda bakin mutum ɗaya.

Akwai kalma ɗaya da nake so limamai su tsaya a kanta a huɗuba, ita ce "muta'awin", mai haɗa baki da abokan gaba. Bayan Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023, sun riƙa fakewa da kalmar fulul suna afka wa ƙauyuka, kamar yadda aka kashe sama da mutum 100 a Wad an-Nura a Yunin 2024. A lokacin da soja suke yunƙurin dawo da Madani a Janairun 2025, sai aka juya kan mazauna kanabi, unguwannin leburorin gona, ana kiransu muta'awinin. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26 a Kambo Ɗayba ranar 10 ga wannan wata. Wannan kalma ta wuce izgili, tuhuma ce da ake zubar da jini a kanta. Wanda ya zauna a ƙauyensa saboda ba shi da kuɗin mota, ko ya sayar da tumatir ga mai bindigar da ya tsaya a kansa, bai zama maci amana ba. Wanda kuma ya nuna gidajen mutane aka yi musu fashi, laifinsa a wuyansa yake shi kaɗai, kuma alƙali ne zai tabbatar da shi da shaidu, ban da 'ya'yansa da unguwarsu. Duk wanda ya rubuta wannan kalma a ƙarƙashin hoton wani ya tura, ko ya faɗe ta a shingen bincike ba tare da ya gani da idonsa ba, ya ba da shaida ne, kuma Annabi (SAW) ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman manyan zunubai, tare da shirka da saɓa wa iyaye.