Dabarun Adana Kaya a Ƙaramin Ɗaki: Darasi Daga Tsarin Ɗakin Bahaushiya na Gargajiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsalar cunkoson kaya a ɗakunan haya na biranen ƙasar Hausa. Ta nuna cewa ba ƙanƙantar ɗaki kaɗai ke haddasa matsalar ba, har da yadda ake ɗora wa daɓe dukkan nauyin ajiya, a bar bango da rufi ba aiki. Maƙalar ta waiwayi hikimomin ɗakin Bahaushiya na gargajiya, sannan ta kawo hanyoyin farfaɗo da su da kuɗi kaɗan.

1.0 Gabatarwa

A birane irin su Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi, magidanta da dama suna fara zaman aure ne a ɗaki ƙwaya ɗaya, ko kuma ciki da falo. A nan ake kwana, a nan ake karɓar baƙi, a nan kuma ake ajiye sutura da hatsi da kayan girki. Ɗauki misalin ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi. Daɓensa murabba'in ƙafa 144 ne. Gado mai ƙafa 6 kowane ɓangare zai cinye 36, wato rubu'in ɗakin, tun ba a shigo da kujeru da akwatunan lefe ba. Amma idan tsayin ɗakin ya kai ƙafa 10, bangayensa huɗu sun tashi murabba'in ƙafa 480 kafin a cire ƙofa da taga. Ke nan filin da ke jikin bango ya ninka na ƙasa har sau uku.

2.0 Hikimar Ajiya a Ɗakin Gargajiya

Bahaushiyar da ba ta dogara da daɓe kaɗai ba. Tana da ragaya, wato igiyar da aka saƙa ake ratayawa daga rufin ɗaki, a ɗora mata ƙwaryar nono ko ta fura, ta yi nesa da ɓera da kiyashi da hannun yara. Tana da alkuki, ɗan gurbin da magini ke bari a jikin bangon ƙasa domin ajiye fitila da ƙananan kaya. Akwai adudu da adaka na sutura, sai maratayi na abin da ake ɗauka kullum. Hatta jere, wanda ake kallo a matsayin ado, ma'aji ne, domin cikin ƙorai da tasoshi da fantekoki ake ɓoye turare da kayan yaji da ƴan kuɗaɗe, ƙarami kuma yana shigewa cikin babba. Hatsi kuwa ba ya kwana a ɗaki da yawa, yana rumbu, wanda ake ɗorawa a kan duwatsu don kada laima da gara su kai gare shi.

Ƙa'idoji uku ne ke ƙunshe a wannan tsari: ɗaga kaya daga ƙasa, sa abu ɗaya ya yi aiki biyu, da kuma ware wa kowane abu mazauninsa.

3.0 Aiwatar da Ƙa'idojin a Ɗakin Haya

3.1 Bango da Rufi

Bangon bulo ba shi da kaurin da za a fafe alkuki, amma kanta tana maye gurbinsa. Falankin katako guda, idan kafinta ya raba shi gida uku ya kafa a saman ƙofa da gefen taga, zai ɗauke littattafai da kwanukan da ba a taɓawa kullum. Inda mai gida ya hana huda bango, sai a yi kanta mai tsayuwa da ƙafarta, siririya mai tsawo, wadda za a iya tafiya da ita ranar tashi. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasanta don kada ta rinjaya. Magunguna da kananzir da maganin ƙwari kuwa wurinsu can sama, kuma kada a zuba su a kwalbar lemo, domin yaro ba ya bambancewa.

3.2 Ƙarƙashin Gado

Idan aka ɗaga ƙafafun gado kaɗan, rubu'in ɗakin da ya cinye zai dawo ma'aji. Jakar nan da ake kira Gana-mas-go, wadda ta sami sunanta daga korar baƙin haure da aka yi a Nijeriya a 1983, ta dace da barguna da rigunan sanyi. Sai dai a tabbata sun bushe sarai, a kuma riƙa shanya su lokaci-lokaci da damina saboda fumfuna.

3.3 Kayan Abinci

Buhun da aka jingine a kan siminti yana tsotsar laima, don haka a shimfiɗa masa katako bisa bulo, a kuma janye shi daga bango. Wake da masara da suka bushe sosai a zuba su a jarka mai tsafta, a cika ta har baki, a rufe ruf. Ƙwarin da ke ciki suna mutuwa saboda rashin iska, ba tare da an sa guba ba. A kan wannan ƙa'ida aka gina buhunan PICS masu ruɓi uku, waɗanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Rufe abinci kariya ne kuma daga zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno ta yau a 1969, kuma yana yaɗuwa ta abincin da fitsari ko kashin ɓera ya gurɓata.

3.4 Rage Kayan Kansu

Wannan ita ce gaɓa mafi wuya, domin ta taɓa al'ada. Iyaye kan yi wa amarya kayan ɗaki gwargwadon abin da dangi za su gani su yaba, ko da ɗakin ba zai ɗauka ba. Sai a wayi gari an ci bashi an sayi kujerun da za su ƙare a tsakar gida, rana da ruwa suna dukansu. Auna ɗaki da igiya kafin a je wurin kafinta ba ya cin ko sisi.

4.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ragaya da alkuki da rumbu sun ƙunshi ƙa'idojin da har yau suke da amfani a ɗakin siminti. Abin da ake buƙata shi ne katako da ƙusa da jarka, sai kuma auna kaya da girman wuri. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki, kuma ya kamata iyayen amare da kafintoci su riƙa tuna wannan tun kafin ranar jere.