Gulbin Kaba: lakwal ɗin da ke ƙofar gidan yaran Mayahi

Duk wanda ya shiga kasuwar Mayahi ko ta Tasawa zai iske tabarmi da igiyoyi da faya-fayai da malafuna jibge, ga kuma damman kaba ana lodawa a amalanke da motoci zuwa Maraɗi da Najeriya. Akasarin wannan arziki daga wuri guda yake fitowa, wato Gulbin Kaba. Sai dai kuma ɗan lakwal na iya gama kwaleji a Mayahi ba tare da an taɓa kai shi cikin gulbin an nuna masa yadda goriba take girma ba, balle abin da ke kashe ta.

Idan ana zancen gandun daji a jahar Maraɗi, tunanin jama'a Gadabeji yake tafiya. An keɓe wannan gandu a 1955, faɗinsa hekta 76.000, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take karewa a 2017, sa'annan a 2018 aka kai masa raƙuman dawa 8 daga yankin Kure. Wuri ne da ya cancanci ziyara, amma yana can arewa wajen Bermo, kuma ba kowane lakwal ke da kuɗin mota ba. Gulbin Kaba kuwa, da ƙafa ake zuwa.

Gulbin ya taso ne daga arewacin Najeriya, ya ratsa ƙasar Tasawa da Kanembakashe da Mayahi, kafin ya karkata ya koma Najeriya. Ruwa ya daɗe da daina gudu a cikinsa kamar da, amma akwai shi a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa goriba ta sami wurin zama har gulbin ya ci sunanta.

Matsalar da ke akwai mai sauƙin ganewa ce. Kabar da ake saƙa da ita daga ƙananan tsirrai ake yanko ta, kuma tsiron da ake yanka kullum ba ya yin gangar jiki. Haka zai zauna a ƙasa shekara da shekaru, ba inuwa, ba ƴaƴa. Manyan itatuwan kuma ana sare su don azara, ana tsinke ƙwalshi tun bai nuna ba. Ke nan tsofaffi suna faɗuwa, ƙanana ba su tashi su gaje su. Ba za a ce mata su bar yankan kaba ba, domin da shi suke sayen hatsi a lokacin bazara. A farkon shekarun 2000 furojen tattalin dazuzzuka na PAFN ya kafa kasuwannin kaba a ƙauyukan gulbin don a tsara yankan. Furoje yakan zo ya wuce, gulbi kuwa sai masu shi.

Maganin ba baƙo ba ne a jaharmu. A ƙasar Maraɗi ne aka fara yaɗa sassaben zamani tun 1983, wato manomi ya zaɓi tsiro ɗaya ko biyu a kan kututture, ya datse sauran, ya kare wanda ya bari. Da wannan dabara Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyon 5 na gonaki, kuma dokar da gwamnati ta ɗauka a watan Yuli na 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya rena. Haka ake yi wa goriba: a cikin kowane cunkus na kaba a ware tsiro guda, a sa masa alama, a bar shi ya tashi, sauran a ci gaba da yanka.

A nan ne matasa ke da abin yi. Mushe guda da ma'aikacin gandun daji guda da tsohuwa mai saƙar tabarma sun isa su ba aji ɗaya darasin da allo ba ya bayarwa. Yara su ƙirga manyan goriba da ƙanana a cikin gona, lissafi ya samu. Su bambanta namiji da mace, tun da mace kaɗai ke yin ƴaƴa, ilimin tsirrai ya samu. Sa'annan, da izinin mai gona da mai gari, kowane aji ya ɗauki tsirran da zai riƙa dubawa a ranakun Asabar na rani, lokacin da yanka da dabbobi suka fi matsa masu.

Aikin sa kai ba sabon abu ba ne gare mu. Gayya muka gada, kuma waɗanda suka yi zamanin Samariya suna tune da dashen itatuwa na 3 ga watan Ogusta, wanda aka mayar biki na ƙasa a 1975 a mulkin Seyni Kountché, da babban taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984. Darasin da shekarun nan suka bari shi ne dashe na yini ɗaya ne, reno kuwa na shekaru.

Kira ga ƴan kasuwa da ma'aikata: abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Littattafan rubutu, fenti na sa alama, ruwan sha da abincin rana, sai kuma yardar shugabannin lakwal da ta magajin gari. Ɗan kasuwar da ke cin riba da tabarma yau, idan yana son ɗansa ya gaji sana'ar, to ya san cewa goribar da za ta ba shi iri sai an bar ta ta tashi tun yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a Gulbin Kaba maganar ta shafi yaron da iccen baki ɗaya. Allah ya sa mu dace.