Jan idon da ya ƙi tafiya, a duba fitsari

A Duvu, kamar sauran ƙauyukan Mubi ta Kudu, da zarar idon yaro ya yi ja sai a ce afolo ce, a garzaya kemis a sayo maganin ɗigawa, a haɗa da ibuprofen ko diclofenac. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma afolo tana zuwa da kwantsa da ƙaiƙayi, ta bi 'yan gida ɗaya bayan ɗaya, ta wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Idon da ke zugi daga ciki, gani ya dusashe, yaro na kare fuska da hannu in ya fita rana, kuma ba wanda ya ɗauka a gidan, yana iya zama kumburi ne a cikin ƙwayar ido. Wani lokacin ƙoda ma ta kumbura.

Likitoci na kiran wannan haɗin TINU. Dobrin da abokan aikinsa ne suka fara bayyana shi a Amurka a 1975. Ya fi kama matasa, musamman 'yan mata: garkuwar jiki ce ke afka wa ƙananan bututun ƙoda da idanu, galibi duka biyun. Ƙoda ba ta kuka da wuri. Zazzaɓi, kasala, rama da yawan fitsari ne alamunta, a nan kuwa kowa zai ce maleriya ce. Idon kan iya tashi watanni bayan ƙodar, mai duba wannan bai san da wancan ba. Ga shi magungunan kashe zafin da aka sayo suna cikin waɗanda ake zargi da tayar da cutar.

Wani zai ce, cutar da ba kasafai ake gani ba, me zai sa talakan Duvu ya damu da ita? Gaskiya ne, ba za a kai kowane jan ido asibitin koyarwa na Yola ba. Sai dai gwajin fitsari da na jini ana yin su a asibiti a Mubi, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na wankin ƙoda ba. Ko ba a sami TINU ba, ciwon suga da hawan jini da sikila duk suna cin ido da ƙoda tare, gwajin bai tafi a banza ba.

Idan an gano ta da wuri, prednisolone na kwantar da ita, ƙodar yara kan farfaɗo, ko da yake idon na iya sake tashi. Amma a hannun likita: sai ya tabbatar ba tarin fuka ba ne, domin irin wannan magani na rura shi, ɗiga shi barkatai kuma na jawo yanar ido da hawan jinin ido.