Mai gadin jikinmu da allurar 'yan mata

A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wani furotin da masana ke kira p53. Aikinsa gadi ne. Idan ƙwaya ta lalace, sai ya hana ta hayayyafa har a gyara ta, in gyara ya gagara ya sa ta mutu. An gano shi a 1979, ta hanyar sinadaran garkuwar jiki da ke manne masa a ɗakin gwaji. Da farko ma an zaci shi ke haddasa kansa, sai a 1989 aka wanke shi.

To ina ruwan uwa a Jalingo da wannan? Ƙwayar cutar HPV, mai jawo sankarar bakin mahaifa, rusa mai gadin nan take yi. Allurar rigakafinta kuwa tana sa jiki ya ƙera garkuwar da za ta tare cutar tun kafin ta kai gare shi.

Taraba na cikin jihohin da aka fara allurar kyauta a Oktoban 2023. Iyaye kan tambaye ni ko tana hana haihuwa. Sam, ba ta hanawa. Sau ɗaya ake yi. Idan 'yarku ta cika shekara 9, ku kai ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.