Aku, Waya da Kaka: Renon Yaro a Cikin Badala

(Sauti: hayaniyar yara a lungu, da ƙarar muciya a tukunya)

Yau ba za mu yi nisa ba. Muna cikin Badala a birnin Kano, a wani lungu na Yakasai, irin wanda in mai kurar ruwa ya shigo sai kowa ya raɓe a jikin bango. A nan gidanmu na gado yake, kuma a cikinsa ƙanena da mai ɗakinsa ke renon ɗansu, yaro ɗan shekara huɗu.

Safiyarsa ba ta da wuya: koko da ƙosai, sai makaranta. Da la'asar ya rungumi allonsa zuwa zauren malam. Wuyar tana tsakanin tashi daga allo da kiran magariba, balle Alhamis da Juma'a da ba a karatu. Uwa na tuƙin tuwo, ga ƙanwarsa a goye, ga hular da take ɗinki tana jiranta. Waje kuwa ba ya barin hankali ya kwanta, ga babura, ga kwata a buɗe. Sai ta miƙa masa waya.

Na taɓa yi mata magana. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Yaya, in ban ba shi ba, tuwon nan ba zai tuƙu ba." Na yi shiru, don gaskiyarta ce. Wanda bai taɓa riƙe muciya da goyo a baya ba, ya sassauta harshe.

A cikin wayar akwai abin da ubansa ya turo daga shagon masu tura fina-finai: katun, da fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, da wasu sassa na Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Yaron ya haddace muryar masu fassara tsaf, har da yadda suke jan magana in jarumi zai yi faɗa.

Kallonsa ya tuna mini da wani tsohon littafi da ke cikin adakar mahaifiyarmu, bangonsa ya tafi, an yi masa sabo da takardar buhun siminti. Magana Jari Ce ne, na Abubakar Imam, wanda kashinsa na farko ya fito a 1937. Duk wanda ya karanta ya san aikin da aku ya yi a ciki: Musa ɗan sarki na son ficewa daga gida ya bi sahun mayaƙa, aku ya riƙa tsare shi da labari bayan labari har gari ya waye. Ashe tsare yaro a gida da labari tsohuwar dabara ce. Sai dai akun yana duban fuskar Musa, ya san lokacin da hankalinsa ya fara komawa ƙofa, ya zaɓo labarin da ya dace. Waya ba ta duban fuskar kowa. Yaro ya ji tsoro ko ya ruɗe, ita dai gaba take yi.

Fargabar fim ba sabuwa ba ce a birnin nan. A farkon shekarun 1950, da aka gina sinimar Palace a Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, malamai da dattawa sun nuna ƙin abin ƙwarai. Wancan lokacin sai ka taka ka je wurin fim. Daga 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, kaset ya kawo fim ɗin Hausa har tsakar gida. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. Hukuma tana iya tace fim, amma ba za ta zauna a tabarma kusa da ɗanka ta ce masa wannan jinin na wasa ne ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne littafi. Garin nan ba ya rasa marubuta. Nan ne garin Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Ka shiga Kurmi, littattafan addini da na ajami jibge. Amma nemi littafin Hausa mai manyan hotuna da gajerun jimloli, wanda ɗan shekara huɗu zai riƙe da hannunsa, ka ga yadda za ka sha yawo. Abin da ke hannun 'yan talla yawanci na Turanci ne, da hoton tuffa da ƙanƙara. Ina akuya, ina gurasa, ina marinar Ƙofar Mata? Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni don yara tun tuni, yau gida nawa ke da shi? Marubutanmu da masu zane, wannan kiran naku ne.

(Sauti: kukan gyare, dare ya yi)

Makon jiya aka kwana biyu ba wuta, wayoyin gidan duk suka mutu. Yaro ya yi ta rigima bayan isha'i. Mahaifiyarmu ta jawo shi kan tabarmarta ta ce, "Zo nan maigidana. Ga ta nan, ga ta nanku."

Ya zuba mata ido. Bai san ana amsawa ba.

Ta ce, "Cewa za ka yi, ta zo mu ji ta." Ya faɗa a hankali. Ta ce ba ta ji ba. Ya ɗaga murya har ƙanwarsa ta motsa a barci. Sannan ta shiga labarin Gizo da Ƙoƙi, tana maƙale harshe irin na Gizo. Bai bar ta ta yi nisa ba ya fara katse ta. Me ya sa Gizo ya ɓoye abincin? Ƙoƙi ta yi kuka? Kowace tambaya sai ta tsaya ta amsa. Can ya ce, "Hajiya, a ina gidan Gizo yake?" Ta ce a bayan Dala.

Tun daga ranar bai bar ubansa ya huta ba. An yi alkawari ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, za a kai shi ya hau dutsen Dala ya duba da idonsa. Littafin nan mai bangon siminti ma an fito da shi daga adaka, uban ya ce zai riƙa karanta masa shafi ɗaya kafin barci.

Masu sauraro, sai mun sake haɗuwa. A kwana lafiya.