Warin da Man Rob Ya Ɓoye

Sati na uku ke nan da aka turo ɗalibar koyon aikin jinya wani asibiti a yankin Kura, kuma har yanzu cikinta bai saba ba. Zarnin fitsari, ƙarnin jini, ɗoyin gyambon da ya kwana cikin bandeji, kowanne sai ya tayar mata da zuciya. Dabarar da 'yan ajinsu suka koya mata ita ce ta shafa man Rob a ƙasan hanci, ta ɗora takunkumi. Ban ga laifinta ba, domin da yawa daga cikin manyan ma'aikatan jinya da haka suka fara.

Wata azahar cikin rani aka shigo da wani manomi daga gonakin tumatir na wajen Kadawa, yana amai da gudawa, jikinsa sharkaf. Ƙanensa ya ce kwalara ce, don ya sha ruwan kwata a gona. Zancen bai yi nisa da hankali ba: tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan da ke bin kwatoci zuwa Kura, Bunkure da Garun Malam shi ne na ban-ruwa, shi ne na wanka, wani lokaci har na sha. Ɗalibar ta ɗauko ledar ƙarin ruwa.

Sista, babbar ma'aikaciyar jinya, ta tsaya a bakin gado, ta ja iska. "Ƙanwata, me kika ji?"

"Ban ji komai ba, Sista."

"Je ki wanke hancinki ki dawo."

Da ta dawo sai ta ji shi: wari kamar tafarnuwa da aka zuba wa kananzir. Gudawar kwalara fara ce kamar ruwan wankin shinkafa, da ɗan ƙarni irin na kifi, ba wannan ba. Mai kwalara kuma bushewa yake yi, ido ya faɗa, zuciya na gudu. Wannan bawan Allah yawu ne ke dalala daga bakinsa, hawaye na zuba, ƙirjinsa na kakari, bugun zuciyarsa ya yi sanyi. Sista ta haska tocila a idonsa, ɗigon tsakiyar ya tsuke kamar kan allura.

"Malam, ya yi feshi yau?"

"Tun safe yake yi. Amma wallahi bai sha maganin ba, bai ma taɓa kai hannu baki ba."

Tun 2016, da tsutsar da manoma ke kira Sharon ta cinye tumatir a Kadawa, feshi ya zama aikin kullum. Maganin ƙwari dangin fiya-fiya yana hana jiki kashe saƙon jijiya bayan ya isa inda aka aike shi, sai gumi da yawu da majina su yi ta kwarara, har mutum ya shaƙe da ruwan ƙirjinsa. Ciwon ya bayyana, aka kira likita. Sai dai in bai sha ba, ta ina ya shiga?

Ɗalibar ce ta gano. Tana juya shi don ya kwanta a gefensa, ta ji warin ya fi ƙarfi a bayansa fiye da bakinsa. Rigar ta jiƙe daga kafaɗa zuwa ƙugu, da maiƙo-maiƙo, daidai inda tankin feshi ke zama. Abin da kowa ya ɗauka gumi ne, rabinsa magani ne, kuma fata na ta shansa har a kan gadon asibiti.

Suka sa safar hannu, suka yanke rigar da almakashi, aka ƙulle ta a leda, aka wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa. Sista ta hana manjan da ƙanen ya zo da shi, don amai zai iya kai shi huhu. Aka yi ta maimaita allurar atirofin har kakarin ya lafa, ƙirji ya bushe.

Ana cikin haka Sista ta juyo. "Malam, ina tankin yake yanzu?"

Ƙanen ya yi shiru, sannan ya ce ɗan maƙwabcinsu ya ara zai yi feshin la'asar. Bai jira an ce masa komai ba, ya fita da gudu ya hau babur.